Kwamitin Ziyara Yana Nan Tafe

In kana son sanin yawan Kirista a garinmu, kada ka wahalar da kanka da ƙidaya. Tsaya bakin titi ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe. Za ka ga anko kala-kala, ka ga ɗaurin ɗankwalin da ya kusa taɓo wayar lantarki, ka ga Littafi Mai Tsarki a kowace hammata, cikin jakar fata mai zif, zif ɗin da rabonsa da buɗewa tun Lahadin da ta wuce. To ka dawo wurin ranar Litinin. Sai gabanka ya faɗi, ka ɗauka fyaucewar nan da Fasto ke yawan faɗa ta auku cikin dare, an kwashe kowa an bar ka.

Kwantar da hankalinka, suna nan. Ga ɗaya can a kasuwa bayan buhun masara. Jiya shi ya ja waƙa har tsofaffi suka share hawaye, yau kuma mudu biyu gare shi, na saye mai zurfi, na sayarwa wanda aka bubbuga wa gindi. A saman rumfarsa an rubuta aya da jan fenti, har da sura da lamba, don kada a ce ƙirƙira ya yi.

Bana taken ikilisiyarmu almajiranci ne. Mun buga shi a ƙyalle mun rataya a ƙofar majami'a, mun buga shi a riga, mun yi bita ta kwana uku da shinkafa da lemo, kowa ya karɓi takardar shaida. Ni ma tawa tana bango. Ana cikin haka sai aikin ya iso da ƙafarsa: wata tsohuwa gwauruwa, wadda ta fi shekara talatin tana share majami'ar nan, ta kwanta ciwo. Tsakanin gidanta da coci gida biyar ne.

Sakatare ya karanta a sanarwa, tsakanin batun kuɗin kujeru da na ɗaurin aure. Aka ce a tsaya bayan sujada. Aka tsaya. Wani dattijo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "'Yan'uwa cikin Kristi, wannan ba abin da za a yi da gaggawa ba ne. A kafa kwamiti." Aka tafa.

Zaman farko ya tafi wajen zaɓen shugaba, domin an lura shugaban kwamitin gini da na kwamitin baikon godiya duk ƙabila ɗaya ne, in aka ƙara na uku za a yi magana. Zama na biyu bai yiwu ba, ma'aji ya tafi biki. A na uku shugabar zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, da wane kaya za mu? In da ankon bara ne, rabin matanmu nasu ya koɗe, sai a ce ikilisiya ta talauce." Dattijo ya ce, "Mama, kin yi magana." Matasa suka ce su ba za su je hannu biyu ba, sai da ganga da lasifika, ga kuma kuɗin man janareto. Aka zo kan Bournvita, babban gwangwani ko ƙarami, nan fa aka raba gari. Wani har ya kawo batun kuɗin mota. Gida biyar, jama'a!

Kada a ce ba a yi komai ba. An yi addu'a. Irin addu'ar nan tamu mai ɗauke da labarai, inda mai roƙo zai sanar da Ubangiji, da duk wanda ke da kunne, cewa ɗan tsohuwar yana Legas ya manta da ita, surukarta kuma Allah dai ya shirye ta. A zauren WhatsApp na ikilisiya kuwa an jera hotunan hannuwa a haɗe har wayata ta yi zafi.

Duk wannan lokaci akwai mai kai wa tsohuwar kunu safe da yamma, ta wanke mata zane, ta share ɗaki. Maƙwabciyarta ce mai tuyar ƙosai, Musulma, wadda ba ta zo bitarmu ba, ba ta da riga, ba ta da takardar shaida. Labarin Basamariyen nan mun sha yin wasan kwaikwayonsa a makarantar Lahadi, kuma kowane yaro rigima yake shi zai fito a Basamariye. Da muka girma sai muka gano cewa matsayin firist da Balawi ya fi sauƙi, ba ya ɓata wa mutum kaya.

Ƙarshenta tsohuwa ta gaji da jira ta warke. Ta dogara sandarta ta zo sujada, ta tarar ana taro, ta samu benci ta zauna. Mai karɓar kuɗi, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ya miƙa mata faranti ya ce, "Kaka, ɗari biyar-biyar ne, na ziyarar mara lafiya." Ta kwance bakin zane ta bayar, tana cewa Allah ya ba shi sauƙi, ko wane ne.

A gaskiya ta kwafsa mana da ta warke. Da rasuwa ta yi, da an ga aiki. Nan muka ƙware. Kafin gari ya waye rumfa ta tsaya, kujeru sun iso, an buga hotonta a ƙyalle, mawaƙa sun kwana suna bita, mutum goma na layin ba da shaida kan yadda take kamar uwa a gare su.

Abin dariyar, ko na ce abin kuka, duk shekara muna tuna waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shigowa Arewa, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Cikin kimanin shekara guda biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Daga waɗannan ƙasusuwan ƙungiyar mishan ta SIM ta tashi, daga gare ta ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A Garkida kuwa, a 1923, sujadar farko da ta haifi ikilisiyar EYN a gindin tsamiya aka yi ta, ba fanka, ba kujerar manyan baƙi. Ga asibitin Vom, ga na Wusasa, ga wuraren jinyar kutare, mutanen da danginsu ma ke gudu. Bar ta Turawa, kakanninmu masu bishara fa? Da ƙafa suka ratsa duwatsu, mai hali da keke, su yi noman abin da za su ci, da yamma su koya wa mutane baƙi da wasali don su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Da irin kwamitinmu aka ba aikin, da yanzu ana nan ana muhawarar launin ankon da za a shiga jirgin ruwa da shi.

Akwai wata 'yar wasiƙa ta Yakubu, sura biyar kacal, wadda na lura ba a cika ɗauko ayar haddacewa daga cikinta ba. Dalili a fili yake: mutumin kamar a cocinmu ya yi sujada. Ya yi faɗa kan sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da an sa masa komai a ciki ba. Ya yi faɗa kan bai wa mai zoben zinariya kujerar gaba, talaka a tura shi gefe. Ranar baikon godiya ku duba wa ke zaune kusa da bagade. Ɗan siyasa ne da ba a ganinsa sai zaɓe ya gabato. Zai yi alkawarin buhun siminti ɗari, a yi guɗa, a yi masa addu'a ta musamman, simintin kuma sai dai mu gan shi a Sabuwar Urushalima.

Ban ce a daina anko ba, ni ma na biya kuɗin na bana, tela ne ya riƙe ni. Ban ce a rushe kwamitoci ba, in an rushe ina dattawa za su kai babbar riga? Kwamitin ziyara ma yana nan da ransa, yanzu yana duba yadda za a yi da kuɗin da aka tara, kuma an ji ƙishin-ƙishin za a kafa ƙaramin kwamiti.

Kai dai mai karatu, in akwai wanda ke kwance a layinku, zuba kunu a kwano ka tafi yau, da kayan da ke jikinka. Amma don Allah ka rufa mini asiri, kada sakatare ya ji, zai sa a ajanda.