Murhun Gas da Maganar Ƙarko

Mai son sayen murhun gashi na gas a Gwarzo ko Kabo tambaya biyu yake yi: nawa ne, kuma zai yi ƙarko? Ta biyun ba ta da wuya. Duk murhun da ke jiran nama a wannan zamani zai daɗe, farashin nama ya ɗauki nauyin kula da shi. Sau ɗaya a shekara, da Babbar Sallah, za a kunna shi, a kashe, a mayar da shi bayan ɗaki kaji su yi ƙwai a ciki. Saboda haka mai arha da mai tsada duk tsatsa ce za ta gaje su, ba wuta ba. Sai dai mai tsadar yana da murfi, kazar ta fi samun sirri.

Za a ce gas ba ya hayaƙi. Hujja ce mai nauyi, domin hayaƙi ne ke kai wa maƙwabta labari. Amma ba a gasa rago a ɓoye, tun jajibere unguwa ta ji kukansa. Za a kuma ce ya fi sauri. Haka ne, in dai tukunyar gas ɗin ba ta ƙare nama na tsaka da ɗigar mai ba, maigida ya hau babur da babbar riga neman mai cikawa. Shi kuwa mai tsire a bakin tasha, tukubarsa toka ce da ƙasa, bai taɓa neman rasit ba. Rabin gangar da mai walda ya tsaga ma tana nan da ragarta. Ta binne raguna da yawa, ba ta taɓa ganin bakanike ba.