Karen Bature da kewar maigida

A Amurka da Ingila kare ma yana ciwon kewa, kuma likitocin dabbobi sun san da zamansa. Da maigida ya ɗauki makullin mota, sai karen ya hau haki da zarya. Kafin a dawo ya ishi maƙwabta da haushi, ya yaga katifa, ya kankare ƙofa. Ƙorafin ya yi yawa bayan kullen korona na 2020, da aka saba yini tare sannan ofis ya kira masu gida.

Maganin ne abin kallo. Masu horar da karnuka sun ce ka ɗauki makulli, ka sa takalmi, ka koma ka zauna, ka yi ta maimaitawa har karen ya daina kula ka. Daga nan ka fita na minti ɗaya ka dawo, ba ban kwana ba gaisuwa, kana ƙara lokacin sannu a hankali. Wato magidanci da gemunsa yana laɓe a bayan ƙofar gidansa yana duba agogo, don kada ran kare ya ɓaci.

In abin ya faskara, akwai ƙwaya. A 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Reconcile, sinadarin Prozac ne, maganin damuwa na mutane, aka ba shi ɗanɗanon nama. A 2012 kuma aka buɗe DogTV, tashar talabijin ta karnuka zalla.

Ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila, RSPCA, ta ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4. Mai aikin awa 8 sai ya nemo masa mai raino, kuma ba kyauta ake yi ba.