Rediyon da Ba Ya Cin Batir

Ranar da malamin fizis ya ce kowa ya kawo abin da ya ƙera da hannunsa, ni ne na miƙe da rawar kai na ce zan haɗa rediyon da ba ruwansa da batir, ba ruwansa da wutar lantarki. Aji ya ɗauki sowa. Ina aji biyu na babbar sakandare a Zariya, kuma duk ilimina a kan lamarin bai wuce shafi ɗaya da rabi na wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa ba.

A takarda abin kamar shan ruwa. Doguwar waya a sama ta kamo abin da tasha ke watsowa, naɗin waya ya zaɓo tashar, dayod ya tsamo muryar, sai abin sawa a kunne, sai wata waya da za a kai ƙasa. Ƙarfin da tashar ta watso shi ne abincinsa. Littafin har ya ce sojojin Amurka a Italiya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun haɗa irinsa da reza da bakin fensir. Na ce to, wanda ke kwana a rami ma ya iya, balle ni mai katifa.

Wayar tagulla na roƙo wajen mai gyaran fanka. Zagaye 80 ake so a jikin guntun bututun roba. Ina kan sittin da wani abu ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, nawa ne bakwai sau takwas?" Na ɗago kai, yatsa ya saki, waya ta warware ta cika tabarma kamar taliya. Sau uku ina sakewa.

Dayod kuwa, wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya cire mini daga mataccen rediyo, ya ce, "Yaro, dayod duk dayod ne." Ba haka ba ne. Nasa na silikon ne, wanda ba ya buɗe ƙofa sai wuta ta kai wajen bolt 0.6, alhali abin da eriya ke kamowa ko kusa bai kai ba. Na jamaniyam ake so, irin 1N34A, ɗan mitsitsi mai jikin gilashi kamar ƙwayar shinkafa. Da na samo shi ma shiru. Kwana uku ina zargin kunnena kafin yayana ya ɗauki reza ya kankare bakin wayar. Ashe wani siririn fenti ne a jikinta mai hana wuta wucewa, duk haɗin da na yi ado ne kawai.

Eriya na ja daga bishiyar mangoro zuwa kan soro. Na dawo daga makaranta na tarar Inna ta shanya zannuwa huɗu a kai, tana ta sa mini albarka wai na yi hankali.

Sai batun ƙasa, inda na kusa rasa mutuncina a unguwa. Hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta. Littafin ya ce a jiƙa ta, a zuba gishiri. Tashoshin matsakaicin zango sun fi kamuwa da dare, don haka bayan isha'i na tsuguna a bayan gida, na kafa guntun rodi, ina barbaɗa gishiri, ina tsiyaya ruwa daga buta, ina ƙunƙuni. Maƙwabcinmu ya hango ni ta kan katanga. Kafin in idar ya kai wa Baba labari cewa ɗansa na binne asiri.

"Kai, wa ya aike ka?" in ji Baba, fitila a fuskata.

Na ce, "Malamin fizis."

Ina jin nan ne ya fara tunanin sauya mini makaranta. Amma a daren, da gida ya yi tsit, na ja ɗan ƙarfen da ake zaɓar tasha da shi a kan naɗin, sai ga wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar sauro a cikin tulu. Rediyon Kaduna ne, a kan 594. Na kurma ihu. Kaka ta fito da carbi, na liƙa mata abin a kunne. Ta daɗe tana sauraro, sannan ta tofa addu'a hagu da dama ta ce, "Ko ma su wane ne, Hausarsu dai ta fita."

Ranar baje koli aka ba ni tebur a tsakiyar zauren taro: daɓen siminti, ba wurin kafa rodi, ba mangoro. Na ɗaura eriya a ƙarfen taga, na tsoma wayar ƙasa cikin tukunyar fulawa. Ko ƙis.

Babban baƙo ya iso da babbar riga, ya sa abin a kunne, ya lumshe ido. Ni na riga na fara salati. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ina ji, wallahi ina ji!" Har ya faɗi sunan tashar. Tashar FM ce, wadda rediyona ba zai kama ba ko da zan shekara ina zuba gishiri. Ta tagar na hango maigadi a gindin darbejiya, ya ƙure muryar rediyonsa mai batir biyu.

Malamin fizis ya dube ni, na dubi silin. Aka tafa, aka ba ni na biyu da kyautar biro.