Matakan Gano Matsala Idan Manhaja Ta Kasa Kaiwa Ga Rumbun Bayanai

Manhajar da babban kamfani ke biyan albashi da ita ba ta riƙe komai a cikinta. Sunayen ma'aikata, lambobin asusunsu, da abin da za a cire wa kowa na haraji da fansho, duk suna zaune ne a wata na'ura daban, wato saba, mai ɗauke da rumbun bayanai. Duk sanda akanta ya danna maɓalli, sabar manhaja ce ke aika tambaya ta cikin kebur, sabar rumbu ta mayar da amsa. In hanyar ta yanke, allon akanta kan yi ta juyi na ɗan lokaci, sannan ya fito da jan rubutu, akanta kuma ya fito da murya.

Kowane irin rumbu yana da ƙofarsa mai lamba. Oracle kan jira a 1521, SQL Server a 1433, MySQL a 3306, PostgreSQL kuma a 5432. A wajen Oracle akwai wani ƙaramin shiri da ake kira mai sauraro, wanda aikinsa irin na yaron da ake zaunarwa a zaure ne: ya amsa sallama, ya tambayi wa ake nema, ya shiga da baƙo ciki. Lambobin kuskure ma a kan wannan tsari suke. ORA-12154 na nufin mai zuwan bai ma samu adireshin gidan a fayil ɗin tnsnames.ora ba. ORA-12541 na nufin an iso amma babu kowa a zauren. ORA-12514 na nufin yaron yana nan, sai dai bai san sunan wanda ake nema ba. ORA-12170 kuwa ita ce mai ban haushi, domin an yi sallama, ba a amsa ba, ba a kuma kori mutum ba, ya yi ta tsayuwa har ya gaji.

Ƙa'idar binciken da aka saba gani a littafi ita ce: a fara daga ƙasa. A duba wuta, a duba kebur, a duba suwic, wato akwatin nan mai ƙananan fitilu da keburan na'urori ke haɗuwa a jikinsa. Sai a gwada ping, wato ɗan saƙon da ake aikawa a ga ko na'ura za ta amsa, sai adireshi, sai ƙofa, sai katangar tsaro, kalmar sirri kuma a ƙarshe. Matakin farko shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda yana buƙatar a durƙusa a leƙa bayan kabad, abin da mai satifiket ba ya so a gan shi yana yi.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a wani kamfani a Kano, ranar biyan albashi, a kan wani injiniya wanda mai wannan rubutu ke haɗuwa da shi kowace safiya a madubi. Ɗakin saba shi ne wuri mafi sanyi a ginin, kuma soket ɗinsa ne kaɗai ba ya mutuwa in an ɗauke wuta. Bayan azahar injiniyan ya shiga da waya mai jan batir, ya sama mata wuri a jikin ekstenshan, ya jingina da bango yana shan esi. Yadda aka samu wurin zai zo a matakinsa.

Ba a jima ba manaja ya faɗo ɗakin, akanta na biye da shi. Ganin injiniya a ciki sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Injiniya, har ka riga mu? Allah ya yi maka albarka. Irin ma'aikatan da muke nema ke nan." Injiniya ya sunkuyar da kai cikin tawali'u ya ce, "Aikinmu ne, ranka ya daɗe."

Gwajin farko daga sabar manhaja ya ɗauki lokaci kafin ya dawo da ORA-12170. An gwada ping, shiru. A nan ne littafi ke cewa a durƙusa. Injiniyan kuwa ya juyo ya yi wa manaja bayani cewa katangar tsaro sau da yawa takan hana ping wucewa, don haka shirunsa ba hujja ba ce. Wannan magana gaskiya ce. Irinta ce ma ta fi ɓatar da masana, don jahili ba shi da ita balle ya fake a bayanta.

Daga nan ya ja kujera gaban sabar rumbu da kanta, ya buga sqlplus / as sysdba, ya shiga ba gardama, rumbu a buɗe. Ya buga lsnrctl status, mai sauraro na nan daram a 1521. Ya kamata a lura cewa waɗannan gwaje-gwaje biyu a cikin na'urar suke farawa su ƙare, ko kusa da kebur ba sa zuwa. Saba za ta ci su ko da an ɗauke ta an kai ta tsakiyar daji, muddin da wuta. Amma injiniya ya tafa hannu ya sanar da sakamako: rumbu lafiya, manhaja lafiya, saura katanga, katanga kuwa ba sashensa ba ce. Ya kira abokin aikinsa mai kula da netwok, wanda ya ɗauki hutun yini don taron sunan ɗan ƙanwarsa, ya ce masa ya bar duk abin da yake yi ya taho. Sannan ya rubuta imel, ya sa shugaban kamfani a cikin masu karɓa, ya yi amfani da kalmar "sakaci".

A wannan mataki ne shawarwari kan fara shigowa, kuma ba a taɓa rubuta littafin da ya tanadar musu babi ba. Dokar ɗakin saba ta hana kowa shiga, amma ba ta hana tsayawa a bakin ƙofa ba, kuma duk wanda albashinsa ke cikin akwatin yana ganin yana da ta cewa. Akanta ya ce a kashe a kunna. Masinja ya ce a cire batir a hura a mayar. Wanda ya fi kowa zurfafa bincike shi ne Baba maigadi, da ya bar get ya hauro da sandarsa.

"Injiniya, ko data ce ta ƙare mata?"

"Ba ta amfani da data, Baba."

"To ai shi ya sa." Ya gyaɗa kai, ya dubi manaja don ya shaida. Ya miƙo hannu cikin ɗakin ya ji iskar, ya janye da sauri. "Sanyi ne ya kama ta. Ni nan in na zauna a wurin nan, kafin a yi kiran la'asar gwiwata ta riƙe. A kashe esin nan, a samu bargo a lulluɓe ta, za ka ba ni labari."

Aka yi masa bayani cewa zafi ne ke kashe saba. Bai yi musu ba, ya dai wuce zuwa mataki na gaba. Yana da rediyo, in ji shi, tun zamanin da yake aikin dako, kuma duk sanda ta ɗauke magana mari ɗaya yake ba ta. "Amma a gefen hagu, Injiniya. Na dama ba ta ji." Ya yi tayin shigowa ya gwada da kansa, tunda hannun yaran yanzu ba nauyi. Da aka ƙi, sai ya ce a buɗe taga ko sabis zai shigo. Ɗakin ba shi da taga. Baba ya ce to ga matsalar nan, tun wajen gini aka yi kuskure.

Kalmar sirri ita ce matakin ƙarshe, kuma tana da nata tarkon. Tun daga Oracle 11g, tsarin da rumbu ke zuwa da shi yana sa kalmar sirri ta mutu bayan kwana 180, sai a ga ORA-28001, kuma kuskure goma a jere kan kulle asusu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke haifar da ORA-12170, injiniyan ma ya sani. Sai dai manaja yana tsaye a bayansa yana numfashi, kuma mutumin da ake kallo dole a ga yatsunsa na motsi. Saboda haka ya canza kalmar sirrin asusun manhajar a cikin rumbu, da niyyar ya gyara ta a fayil ɗin manhaja daga baya.

Da dabaru suka ƙare, sai ya koma neman lambar kuskuren a intanet ta wayarsa. Igiyar cajar gajera ce, don haka dole ya tsuguna kusa da ekstenshan ɗin. Ta haka dai aka durƙusa a ƙarshe. Ya daɗe a wurin yana karanta amsoshin mutanen Indiya da Amurka, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya ba daga wani baƙin fulogi da ke kwance a ƙasa.

Inna mai shara ta iso da tsintsiyarta a lokacin da ta saba. Ta ratsa taron, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ƙasa.

"Injiniya, ɗana, wancan baƙin abin in share gefensa ko in bar shi? Na ga kai ka ce ko gobara ake yi kada a cire shi."

Abin da ya biyo baya bai wuce daƙiƙa goma ba, amma yana da matakai, kuma ya cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya sunkuya ya ɗauki fulogin. A wuyansa akwai farar takarda da aka naɗe da salatif. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, a hankali, yadda ake karanta wasiyya: "KADA A CIRE. SUWIC NA RUMBU." Ya juya takardar. A baya akwai sa hannu. Ya karanta sunan shi ma, har da "Injiniya" da aka rubuta a gabansa aka ja masa layi biyu.

Sannan idanu suka fara tafiya. Daga fulogin da ke hannun manaja suka sauka kan ekstenshan. A ramin da ya kamata fulogin ya kasance akwai farar caja. Daga cajar farar igiya ta taso, idanun suka bi ta, akanta da masinja da Baba da Inna duk tare, ba mai gaggawa, ta haye gwiwar wando, ta bi ta kan hannun riga, ta shige gindin wata waya. Wayar tana cikin tafin hannu. Hannun yana da mai shi.

A daidai nan wayar ta yi ɗan ƙara mai daɗi, allonta ya haska. Caji ya cika.

Masu nazarin irin wannan yanayi za su so sanin hanyoyin da suka rage wa injiniya a wannan lokaci. Zai iya cewa wayar ba tasa ba ce, amma hoton 'yarsa ne a allon, kuma manaja ya je sunanta. Zai iya cewa gwaji yake yi, amma imel ya riga ya tafi. Zai iya miƙewa, amma ƙafarsa ta yi sanyi saboda tsuguno, don haka ya ci gaba da zama a ƙasa yana kallon mutane daga ƙasa, gumi na karyo masa a ɗakin da Baba ya ce yana riƙe gwiwa. Saitin kansa kuwa ga suwic ɗin, fitilunsa duk a mace tun bayan azahar, a wurin da ko yaro zai gani. Babu mai magana sai fankokin saba. Inna ce ta katse shirun, ba da mugunta ba, ta tuna masa cewa ranar da ya manna takardar har taro ya kira, ya sa ta maimaita abin da ke jiki sau biyu alhali ita ko taɓa wurin ba ta taɓa yi ba. Manaja bai ce komai ba. Ya miƙa masa fulogin da hannu biyu.

Suwic kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya gama tashi. Fitilu suka dawo kore, ping ya amsa, masinja ya yi kabbara. Akanta ya ruga ofishinsa ya danna maɓalli, sai ga shi ya dawo da wata sabuwar lamba a rubuce a tafin hannu.

Dalilin yana cikin yadda manyan manhajoji ke aiki. Ba sa buɗe sabon layi zuwa rumbu don kowace tambaya, sukan buɗe layuka da yawa su ajiye, kuma in sun yanke sai su yi ta ƙoƙarin sake buɗe su da kansu. Hanya na dawowa manhajar ta afka wa rumbu da tsohuwar kalmar sirri. ORA-01017 ta fito sau goma kafin a ƙifta ido, sai ORA-28000: an kulle asusu. Gyaran shi ne a tsayar da manhaja tukuna, a sa mata sabuwar kalmar, sannan a buɗe asusun. Wanda ya buɗe asusu bai tsayar da manhaja ba zai ga an sake kulle shi kafin ya ɗaga yatsa, kuma an tabbatar da hakan a wannan rana a gaban shaidu.

Ana cikin haka mai kula da netwok ya sauko daga adaidaita sahu, ya hauro bene da babbar riga da hula, ledar naman suna a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun yana karanta imel. Ya kai kan kalmar "sakaci" daidai lokacin da ya iso bakin ƙofa.

Baba maigadi ya matsa ya ba shi hanya, sannan ya leƙo ya dubi allon, ya dubi cajar da ke yashe a ƙasa.

"Injiniya, ni dai a ganina ka mayar da cajar nan. Lokacin da take ciki ai ba a kulle mu ba."