Farar Shadda da Jan Bango

Shekaranjiya abin ya faru, ranar Babbar Sallah, a gaban baƙi.

Gidan da muke zaune a lardin Dalarna na ƙasar Suwidin na katako ne, kuma bana na ci alwashin gyara farfajiyar baya ta koma irin ta mutanen ƙasar. Tsarinsu ba ya son tarkace: dandamalin katako, benci guda, tukwanen shuka ƙalilan, shi ke nan. Bango kuwa ja, kusurwoyi da bakin tagogi farare tas.

Jan fentin nasu ba mai sheƙin nan ba ne da muka sani. Launinsa daga tarin ƙasar da aka tono a mahaƙar jan ƙarfe ta garin Falun yake, mahaƙar da ta daina aiki a 1992. A ƙona ƙasar ta yi ja, a dafa ta da ruwa da gari da ɗan mai, kamar mai dama kunu. Masu hali ne suka fara shafa shi don gidan katako ya yi kama da na jan bulo, manoma suka bi sahu a ƙarni na 19. Yana barin katako ya sha iska, kuma ba ya ɓarewa, sai dai ya riƙa sakin gari a hankali. Inda garin yake tafiya ne ba wanda ya gaya mini.

Jama'a sun taru, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da ke warwatse a yankin. Na fito cikin farar babbar riga ta shadda, wadda aka aiko mini daga Kano, ta sha bugu tana ɗaukar ido. Ɗan yayata ya ɗaga waya.

"Kawu, matsa baya kaɗan. Jingina mana, ka yi kamar gidanka ne."

Gidana ne kuwa, don haka na jingina da dukan ƙarfina. Ya ce in matsa dama, na goga bayana zuwa dama. Ya ce haske ya fi kyau a hagu, na gogo shi zuwa hagu. Har kafaɗa na ɗaga na gyara zaman riga, ina murmushin wanda ya yi gini da guminsa. Sannan na juya zan ɗauko farantin nama.

Wurin ya yi tsit. Cokali ya faɗi daga hannun wani. Ƙaramar 'yata ta ƙwalla ihu, "Baba, jini!" Wata baiwar Allah ta saki salati tana neman mayafinta. Ni kuwa ina tsaye da faranti, ina waige-waige in ga wanda ya ji ciwo, kuma duk inda na waiga sai sabbin mutane su ga bayana su ɗora nasu salatin. Na zagaya sau nawa ban sani ba, amma kowa ya samu rabonsa na kallo.

Na kai hannu na shafo baya, na ga tafina ja. Zufa ta keto mini. Da wannan hannun na share goshi.

Da na tuɓe rigar na shimfiɗa a benci, ashe ba tabo ba ne, zane ne. Layin kowane katako ya fito daga wuya har ƙasa, tsaf-tsaf, har da gurbin kawunan ƙusa.

Maƙwabcina, dattijo ɗan ƙasa, yana bakin shinge da kofin gahawa tun farkon lamarin. Ya kalli rigar, ya kalli bangon, ya kurɓa.

"Ba a jingina da shi," in ji shi.

Na ce na gode. Ya yi shiru, na ɗauka ya gama. Can ya ƙara da cewa kakansa ma bai taɓa jingina ba, kuma ya yi tsawon rai.

Wani Alhaji ɗan Damagaram ya matso, nama a hannu. Ya fara tambayata ko ragon layyar ne na goyo daga kanti. Sannan ya juya rigar, ya auna ta da ido irin na masu harkar yadi.

"Malam, kada ka wanke. Mayar da ita, ka je ka rungumi bangon ta gaba. In gaba da baya suka daidaita, wa zai ce ba haka aka saƙa ta ba?"

Har mutum biyu suka goyi bayansa. Ɗaya ya ce in haɗa da hular.

Uwargida ba ta ce uffan ba, sai kallona take daga bakin ƙofa, irin kallon da ke nufin za a yi magana bayan baƙi sun tafi. Baƙin kuwa ba su da niyyar tafiya. A watan Yuni rana a nan sai bayan ƙarfe goma na dare take faɗuwa, don haka babu duhun da zai rufa mini asiri. Na raba nama cikin singileti, da jan goshi, a hasken da ya ƙi ƙarewa.

Jiya da safe na tarar ɗan yayata ya tura hoton bayana zauren WhatsApp na dangi. Yayana ne ya fara amsawa daga Kano, yana neman lambar telan.