Jinjina Ga Masu Kawar Da Kai

A ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, da wuya a sami wadda ta kai ta Wudil sanin darajar mai gini. Mutum ya sauke tifar yashi a bakin lambatu, ya jibge burji a tsakiyar layi, ya haƙa harsashi ya bar jar ƙasa tsibi-tsibi har damina ta tarar da ita, babu mai ɗaga masa murya. Tarbiyya ke nan. A Amurka, inda kunya ta yi ƙaranci, sai ɗan kwangila ya kafa shingen tare laka kafin ya sari ƙasa, jami'i kuma ya biyo sawu ya duba. Mu nan ba ma tozarta mai kuɗi da tambaya.

Tsarin mulkin 1999 ya rataya gina magudanan ruwa da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Namu sun kula ƙwarai: sun bar lambatu ya huta, ya cika da yashi da leda, har ciyawa ta tsiro akuya ta sami kiwo. Ita kuwa dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, da ƙa'idojin hana zaizayar ƙasa da hukumar NESREA ta fitar a 2011, an yi musu adana irin ta kwanukan jeren amarya. A kalla daga nesa, kada a ci abinci a ciki.

Tsaya kan gadar Wudil da hantsi ka ga adalci. Tifofi na haurowa daga kogi, yashi na ɗigar da ruwa a kwalta, sun nufi Kano a buga bulo. Damina na sauka, ruwa ya kwaso ƙasar da magina suka bari ya mayar wa kogin. Ba ni gishiri in ba ka manda. Manomin fadama da gaɓa ke zaftarewa da gonarsa taku-taku, ai rage masa wahalar noma aka yi, sai ya gode.

Sannan ga sanin hurumi, abin da ya fi burge ni. Yashi ma'adini ne, na Tarayya. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar tagwaita ta tun 2006, ta Tarayya ce. Filin gari na hannun gwamna tun dokar 1978. Me ya rage wa sakatariyar ƙaramar hukuma? Rasit. Kada ma wani ya ce idonsu ba ya gani: ranar Juma'a a Kara, kasuwar shanu, da wuya saniya ta gifta ba a ƙirga ta ba. Kwazazzabo ne kawai ba ya biyan kuɗin shiga, shi ya sa duba-gari bai san da zamansa ba.

Asusun kula da muhalli na nan tun 1981, ƙananan hukumomi na da kaso a ciki, Kotun Ƙoli ma ta ce a 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ba mu da rashin ta-idon da za mu tambayi kwalbati nawa aka yashe. Mun san dai ranar da katanga ta faɗa wa mutane, ranka ya daɗe zai zo jaje da kansa, da katifa, da buhun shinkafa, da mai ɗaukar hoto.