Masu Ba da Shawara a Shagon Bindiga

A jihohin Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana na Amurka akwai wani ɗan dabba dangin kurege da ke haƙa ramuka unguwa guda a filin kiwo, yana kuma cinye ciyawar shanu. Idan zafi ya kama, maharba kan ɗauki tebur da kujera su kafa a bakin fili, su yini suna harbinsa daga nisan yadi 200 ko 300. Sauran watanni kuwa takarda suke harbi a filin atisaye, suna kuma jiran dilan ƙasar mai ɗauke 'yan raguna.

Bindigar wannan aiki ita ce mai sakata: ka ɗaga, ka ja baya, kwanso ya faɗi, ka tura, wani harsashi ya hau. Biyu daga cikinsu sun daɗe suna raba kan abokai, Remington 700 da Savage 12. Duk wanda ya kuskura ya tsaya gaban kanta ya ce, "Wacce zan ɗauka?" to ya tara wa kansa jama'a. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Gado. Shi ne kan fara buɗe baki. Kakansa Remington ya riƙe, ubansa ma haka, shi kuwa bai ga abin da zai sa ya fi su wayo ba. Zai gaya maka tun 1962 ake ƙera ta, kuma a kanta aka gina M24 ta sojan ƙasa da M40 ta sojan kundumbala. Duk gaskiya ne. Ka tuna masa cewa kamfanin ya karye a 2018, ya sake karyewa a 2020, tsohuwar masana'antarsa ta Iliyon a jihar Niyok ma an rufe ta a 2024, sai ya dube ka ya girgiza kai. "Yaro, ai ni tsohuwar nake nufi." Tsohuwar kuwa ba ta sayarwa ba ce, tana gidansa.

Makanike. Mutumin Savage ke nan. Abin da ya sace zuciyarsa wani noti ne da ke ɗaure bututun, wanda ke ba mutum damar sauya bututu a garejinsa ba sai ya je wurin maƙeri ba, sai kuma ɗan harshen nan da ke tsakiyar kunama, wanda ke sa ta yi laushi ba tare da ta tashi da kanta ba. Zai rantse maka babu bindigar da ta kai ta daga kwali. Ka tambaye shi tasa fa. Ya sauya bututu, ya sauya kota, ya sauya hannun sakata, kunamar da yake yabo ma ya cire ya sa wata. Abin da ya rage na Savage a jikinta lambar rajista ce. Kullum tana kwance gunduwa-gunduwa a kan benci, ana jiran wani ƙarfe daga gidan waya.

Mai Awo. Wannan ba ya gardama da baki, hujjarsa na aljihu. Zai zaro walat, ya wuce hoton 'ya'yansa, ya fito da wata takarda da aka ninke gida huɗu, gefenta ya yi baƙi don yawan nunawa. Ya shimfiɗa ta a kan kanta, ya goge ta da gefen hannu. Huda uku ne manne da juna, an zagaye su da jan biro, an rubuta kwanan wata da nauyin albarushi. A wurin maharba, bindigar da ta tara harsasanta cikin inci ɗaya daga yadi 100 ta yi kyau, tasa kuwa ta yi rabin haka. Ka ɗaga takardar sama ka ga wata huda can gefe, an lulluɓe ta da salatif. "Wannan fa?" Sai ya karɓe abinsa. "Wannan ba ya cikin lissafi, wani ne ya yi tari." Takardu nawa ya yaga kafin ya sami wannan, shi da kwandon shara suka sani.

Sarkin Gudu. Shi bai damu da sunan bindiga ba, harsashi ne addininsa. Kada ka kawo masa zancen .223, wanda ke da araha, ake samu ko'ina, bututu kuma ya daɗe bai gaji ba. Shi sai .22-250, wanda da ƙaramin harsashi kan kusanci ƙafa 4,000 a daƙiƙa. Abin da ba ya faɗa shi ne yawan albarushin nan yana cin maƙogwaron bututu. A fili yakan yi ta ɓarin wuta har ƙarfe ya ƙi taɓuwa, sannan ya lulluɓa masa jiƙaƙƙen tawul, ya zauna yana kallon mai .223 na ci gaba da harbinsa a natse.

Mai "Bar Su Duka". Ka tambayi biyu, ya kawo ta uku. "Abokina, me ya kai ka? Tikka za ka saya." Daga nan sai labarin Finlan, da kamfanin Sako da ke ƙera ta, da santsin sakatarta. Idan ka ce to, sai ya ƙara da cewa ka ɗauke ta da 6.5 Creedmoor, harsashin da ya fito a 2007 don harbin nesa, wanda ya fi ƙarfin kurege nesa ba kusa ba. Ka shigo da tambaya ɗaya, ka fita da huɗu.

Akawu. Ya auna komai, ya gano ɗaya ta fi ɗaya araha, ya saye ta yana murna ya yi tsimi. Sannan ya ɗora mata madubin hange da ya ninka ta kuɗi, da ƙafafun jingina, da na'urar auna nisa, da injin cika harsashi a gida, wai don a rage kashe kuɗi. Rasit ɗaya kawai ke isa gida, na bindigar. Babban tsoronsa kada ya mutu maiɗakinsa ta sayar da kayan a farashin da ya gaya mata.

Malam Sai Na Yi Nazari. Asalin mai tambayar ke nan. Ya san nauyin kowacce, ya ɗaga su ya ajiye har mai shago ya daina tashi idan ya shigo. Ranar da ya yanke shawara a kan Savage sai ya gamu da Ɗan Gado, washegari kuma da Makanike. Kuregun sun haihu, 'ya'yansu sun haihu, shi yana nan yana nazari.

Mai Fili. Wannan ba a ganinsa a shago sai ya zo sayen waya ta shinge. Bindigarsa na bayan kujerar a-kori-kura, fentin kotarta ya goge, sai ya duba jikinta kafin ya gaya maka sunanta. Ka kawo masa gardamar, ya ce, "Duk biyun suna harbi. Ka iya karanta iska?" Tambayar tana da tushe. A waɗannan filaye iska ba ta hutu, kuma mai gudun mil 10 a awa kan kauce da harsashin .223 wajen inci 10 a yadi 300, alhali faɗin kuregen bai wuce inci huɗu ba. Bambancin da aka yini ana ɗaga jijiyar wuya a kansa ɗan guntun inci ne. Wanda ya sayi kowacce daga ciki ya ƙarar da sauran kuɗinsa a harsashin atisaye zai fi su bakwai ɗin kawo abin nunawa.

Sai dai Mai Fili ba zai tsaya yi maka wannan lissafi ba. Sharuɗɗansa uku ne: ka san abin da ke bayan abin da kake hari, ka kwashe kwansonka, ka rufe masa ƙofar shinge kada shanu su fita. Wanda ya cika su, ko da wacce ya zo, baɗi ma a buɗe masa.